Haɗarin Jirgin Ƙasa na Armagh, 1889: Musabbabinsa, Ɓarnarsa da Dokar da ta Biyo Bayansa

Ran Laraba, 12 ga watan Yuni na shekara ta 1889, wani jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Armagh a tsibirin Ailan, ɗauke da mutum wajen 940, da yawansu yara ne da iyayensu da malamansu, za su yawon shan iska a bakin teku. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, tarago goma daga cikin goma sha biyar ɗin da yake ja sun gangaro da baya, ba kan jirgi, ba mai iya tsai da su, suka yi karo da wani jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu, wajen 260 suka yi rauni. A duk ƙarni na goma sha tara ba a yi haɗarin jirgin ƙasa da ya ci rayuka kamarsa a ƙasashen Birtaniya ba, kuma har yau ba a yi wanda ya fi shi muni a tsibirin Ailan ba.

Yawan mamatan kaɗai bai isa ya sa a tsaya a kan wannan haɗari ba, domin tarihin reluwe cike yake da waɗanda suka fi shi ɓarna. Abin da ya keɓe shi shi ne, duk wani abu da ya haddasa shi an riga an san shi, an rubuta shi, an kuma san maganinsa tun shekaru da dama kafin ranar. Ma'aikatan gwamnati masu binciken reluwe sun yi ta faɗa har bakinsu ya gaji, amma doka ba ta ba su ikon tilasta wa kowa ba. Kwana 79 bayan haɗarin aka ba su wannan iko. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi yadda aka yi haka ta faru.

Halin da reluwe ke ciki kafin 1889

A zamanin nan Ailan duka tana ƙarƙashin mulkin Birtaniya, dokokinta daga Majalisar Landan suke fitowa. Hanyoyin jirgin ƙasa kuwa ba na gwamnati ba ne. Kamfanoni ne na 'yan kasuwa suka gina su da kuɗin masu hannun jari, kowane kamfani da nasa tsari, da nasa kayan aiki, da nasa littafin ƙa'idodi. Tun shekara ta 1840 gwamnati ta kafa sashen binciken reluwe a ƙarƙashin Hukumar Ciniki, ta riƙa cika shi da hafsoshin soja injiniyoyi. Waɗannan hafsoshi suna da ikon duba sabuwar hanya kafin a buɗe ta, su hana buɗewa in ba ta yi musu ba. Wata doka ta 1871 ta tabbatar musu da ikon binciken haɗari. Amma da zarar hanya ta fara aiki, iyakarsu shawara. Su yi bincike, su rubuta rahoto, a buga shi, a aika wa kamfani. In kamfani ya ga dama ya yi aiki da shi, in bai ga dama ba ya sa a ma'aji.

Abubuwa uku ne waɗannan hafsoshi suka dage a kansu shekara da shekaru, kuma biyu daga cikinsu ne suka kashe mutanen Armagh, saboda haka wajibi ne a fahimce su kafin a shiga labarin.

Na farko shi ne yadda ake raba jirgi da jirgi a kan hanya ɗaya. Tsohon tsari shi ne na tazarar lokaci: in jirgi ya tashi, sai shugaban tasha ya duba agogo, in mintocin da aka ƙayyade sun cika ya saki na bayansa. Aibin wannan tsari a fili yake, gama agogo ba ya sanin abin da ya sami jirgin gaba. Ko ya lalace ya tsaya a bayan kwana, ko yana can yana tafiya, duk ɗaya ne ga agogo. Tsarin da hafsoshin ke so shi ne a yanka hanya kashi kashi, kowane kashi da ɗakin sigina a bakinsa, a haɗa su da wayar tangaraho, kada a bar jirgi ya shiga wani kashi sai mai sigina na gaba ya aiko da labari cewa jirgin farko ya fita sarai. Watau a raba jirage da tazarar wuri maimakon ta lokaci. Tun a 1861, sa'ad da jirage biyu suka yi karo cikin ramin dutse na Clayton a kan hanyar Brighton, mutum 23 suka mutu, aka ga illar sakin jirage a jere da 'yan mintoci tsakaninsu.

Na biyu shi ne a ƙulla sigina da makarkatar dogo da ƙarfe, ta yadda ma'aikaci ba zai iya nuna wa direba hanya a buɗe take ba alhali makarkata tana fuskantar wani layi dabam. Wannan bai shafi Armagh ba.

Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci a nan, shi ne birki. A farkon zamanin reluwe birkin hannu kaɗai ake da shi: ɗaya a wajen direba, ɗaya ko biyu a taragon gadi, ana murɗa shi kamar dutsen niƙa. Sauran taragai ba su da komai. Daga baya aka ƙago birki mai bin jirgi duka, wanda direba zai taka daga wurinsa ya kama ƙafafun kowane tarago ta hanyar wani bututu da ya ratsa jirgin daga kai har wutsiya. To, shi ma iri biyu ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne bambancin rai da mutuwa. A iri na farko, birki a sake yake kullum, sai direba ya sa injin ya zuƙe iskar da ke cikin bututu sa'an nan ya kama. In bututun ya tsinke, ko aka kwance shi, iska ta shiga, shi ke nan babu birki. Kamar akalar raƙumi ce: muddin tana hannu ana da iko, in ta tsinke raƙumi ya yi gabansa. A iri na biyu an juya al'amarin. Aikin injin shi ne ya riƙe birki a sake, da zarar wani abu ya sami bututun sai birki ya kama da kansa a kowane tarago, kamar tarkon da aka ɗana, wanda taɓa shi kaɗai ke sa ya rufe. Wannan shi ne birki mai kama kansa.

Ba sabon abu ba ne a 1889. George Westinghouse na Amurka ya yi rajistar irin nasa, mai aiki da matsattsiyar iska, tun 1872. A 1875 wani kwamitin bincike na gwamnati ya sa aka yi gwajin birki iri iri a kusa da garin Newark a Ingila, inda kamfanoni suka kawo jiragensu aka auna tazarar da kowanne ke ci kafin ya tsaya, na Westinghouse ya yi fice. A 1877 Hukumar Ciniki ta aika wa kamfanoni takarda tana bayyana sharuɗɗan birkin da ya dace, har da cewa lalle ya zama mai kama kansa in haɗari ya auku. A 1878 Majalisa ta yi doka, amma abin da dokar ta ce kawai shi ne kamfanoni su riƙa ba da rahoton irin birkin da suke amfani da shi. Watau an tilasta musu su faɗi abin da suke yi, ba a tilasta musu su gyara ba.

Me ya hana su? Kuɗi ne kan gaba, ko da yake ba safai suke faɗin haka a fili ba. Sa sabon birki a dubban taragai ba ƙaramin kashe kuɗi ba ne, kuma daga ribar masu hannun jari zai fito. Akwai kuma girman kai na manyan injiniyoyi, kowa yana son a ce nasa ƙirƙiren ake amfani da shi, ba na wani Ba'amurke ba. Kamfanin da ya fi kowanne girma a Ingila a lokacin, mai hanyar Landan zuwa arewa maso yamma, ya daɗe yana riƙe da wani birki na sarƙa da ba shi da tabbas, don kawai sunan babban injiniyansa na jikinsa. Sa'an nan suna da wata hujja da suke yawan kawowa, wai in aka cika na'urori ma'aikata za su saki jiki su daina lura. Bugu da ƙari, aƙidar zamanin ita ce gwamnati ta cire hannunta daga harkar kasuwa, ga shi kuwa darektocin kamfanonin reluwe da yawa suna zaune a Majalisa. Wanda ya kamata a yi wa doka yana cikin masu yin ta.

Gargaɗi bai yanke ba. A 1884, a kusa da Penistone, gatarin kan jirgi ya karye, bututu ya tsinke, taragai suka rasa birki suka faɗa ƙasa, mutum 24 suka mutu. Birkin da ke jikin jirgin shi ne irin na farkon nan, wanda ake kira na Smith. A 1887, a Hexthorpe, jirgin wannan kamfani dai, da wannan birki dai, ya afka wa wani jirgi ta baya, mutum 25 suka mutu. Aka kai direba da mai zuba masa kwal kotu, kotu ta sallame su, laifi ya koma kan kamfani. Irin wannan birki na Smith ne ke jikin jirgin da ya tashi daga Armagh bayan shekara biyu.

Ranar haɗarin

Armagh ƙaramin gari ne, amma mai daraja a wurin Kiristocin Ailan, domin nan ne mazaunin manyan limaman Katolika da na Cocin Ailan duka biyu. Makarantar Lahadi ta 'yan ɗariƙar Methodist ta garin ce ta shirya tafiyar, zuwa Warrenpoint, wani gari a bakin teku mai nisan mil 24. Tafiya ce ta shekara shekara da gari duka ke ɗokinta, kuma ba a keɓe ta ga 'yan coci ɗaya ba: da Katolika da sauran ɗariƙu duk sun yanki tikiti. A ƙasar da rikicin ɗariƙa ya daɗe yana raba maƙwabci da maƙwabci, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kamfanin Great Northern na Ailan ne ke da hanyar. An nemi jirgin da zai ɗauki mutum 800. Ma'aikatar kamfanin da ke Dundalk ta aiko da tarago 15 da kan jirgi ɗaya, alhali takardar da aka ba direba, Thomas McGrath, tarago 13 ta ce. McGrath bai taɓa tuƙa jirgi a wannan hanya ba, ya dai bi ta a matsayin mai zuba kwal. Da jama'a suka fi yadda aka zata, shugaban tasha ya so ya ƙara taragai, direba ya ce in za a ƙara sai a ba shi kan jirgi na biyu. Magana ta yi zafi tsakaninsu, aka nuna masa cewa ƙorafi ne kawai yake yi. Ba a ƙara taragan ba, aka cusa mutane cikin waɗanda ke akwai, har da taragon gadi. Wanda kamfani ya ɗora wa kula da tafiyar shi ne James Elliott, wani babban akawu a kamfanin. Shi ya kawo shawarar a nemi taimakon kan jirgin da zai tashi bayansu, ko a bar masa wasu taragai. Amma direban da aka riga aka taɓa wa zuciya ya ce ba ya bukata. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san irin wannan: ƙaramin ma'aikaci ya faɗi gaskiya, a gwale shi, daga nan ko an miƙo masa abin da ya nema ba zai karɓa ba.

Wajen ƙarfe goma da kwata jirgi ya tashi. An kulle ƙofofin taragai daga waje, kamar yadda aka saba a irin wannan tafiya, don hana marasa tikiti shiga da kuma hana yara buɗewa. Shekara 47 kafin nan, a 1842, jirgi ya kama wuta a hanyar Versailles zuwa Paris da ƙofofi a kulle, mutane fiye da 50 suka ƙone, Faransawa suka bar wannan al'ada. Labarin bai canza komai a Armagh ba.

Daga fita tashar hanya take fara hawa, kuma hawa ne mai tsanani ga jirgin ƙasa: a mafi yawansa, kowace ƙafa 75 da aka ci gaba, hanya ta ɗaga ƙafa ɗaya, haka har wajen mil uku. Jirgi ya fara da kyau, sa'an nan ya riƙa rage gudu, yana nishi, har ya tsaya cik, saura kamar yadi 200 ya kai ƙololuwar tudun.

Har zuwa wannan lokaci babu abin da ya ɓaci. Birkin jirgin yana kama, domin bututu a haɗe yake da injin. Hanya mafi sauƙi ita ce a tura gadi baya da jar tuta ya tsai da jirgin da ke biye, wanda ba shi da nauyi, ya zo a hankali ya tura su su haye tudun. Da an yi haka, da iyakar hasarar ita ce jinkirin 'yan mintoci. Elliott, wanda ke tsaye tare da direba a kan jirgi, ya zaɓi wata hanyar: a raba jirgin biyu, a kai kashin gaba tashar Hamiltonsbawn mai nisan kamar mil biyu, a dawo a ɗauki sauran. Layin gefe na wannan tasha kuwa akwai taragan kaya a kansa, wurin da ya rage ba zai ɗauki fiye da biyar ba. Don haka aka yanke a tafi da biyar, a bar goma, cike da mutane, a kan gangara.

A nan bambancin birkin nan biyu ya bayyana. Da gadin gaba ya kwance bututu, sai taragai goman nan suka rasa birkinsu gaba ɗaya. Abin da ya rage yana riƙe da su shi ne birkin hannu guda ɗaya a taragon gadi na can baya, da 'yan duwatsu da aka tsinto a gefen hanya aka sa a ƙarƙashin ƙafafu. Injin tururi in zai tashi a kan hawa yakan ɗan ja da baya kafin ya kama. Haka ya yi. Taragan gaba suka ɗan tunkuɗi na baya, abin da bai fi taku ɗaya ba, ƙafafun ƙarfe suka murƙushe duwatsun, taragai goma suka fara motsi. Aka yi ƙoƙarin bin su da baya a sake haɗawa, abin ya faskara. Aka yi ta murɗa birkin hannu, har fasinjoji suka sa hannu, bai riƙe ba. Tun suna tafiya kamar tafiyar mutum har suka fi ƙarfin mai gudu.

A can tashar Armagh kuwa agogo ya riga ya yi aikinsa. Minti ashirin sun wuce, saboda haka aka saki jirgin fasinja na kullum mai zuwa Newry, bisa ƙa'ida, ba wanda ya karya doka. Direbansa, Patrick Murphy, yana cikin hawa sai ya hango taragai suna gangarowa kansa daga nisan kamar yadi 500. Ya taka birki har ya rage gudunsa zuwa kamar mil biyar a sa'a. Su kuwa taragan sun riga sun gangaro kamar mil ɗaya da rabi, ana ƙiyasin gudunsu ya kai mil 40 a sa'a. Waɗanda ke ciki sun ga abin da ke tafe, ƙofofi kuwa a kulle. Wasu iyaye suka riƙa jefa 'ya'yansu ta taga, kuma ta haka wasu yaran suka tsira.

Karon ya auku ne a inda aka cike ƙasa aka ɗora hanya a kai, tsayinsa ya fi ƙafa 40. Taragan katako ne. Na can baya suka ragargaje kamar an fasa akwati, gutsattsarinsu da mutanen ciki suka zube gangaren. Kan jirgin Murphy ya kife. Nasa taragan ma suka tsinke suka fara gangarawa da baya, saura kaɗan a yi haɗari na biyu, sai da aka tsai da su da birkin hannu.

Ɓarnar

Adadin da aka fi kafa hujja da shi shi ne mutum 80 matattu da wajen 260 masu rauni, kusan kashi ɗaya cikin uku yara. Masu bincike na baya, da suka bi sunayen waɗanda suka cika daga bisani saboda raunukansu, sun kai lissafin kusa da 90. Sojojin barikin garin da likitoci daga garuruwan kewaye suka zo ɗauki, aka riƙa kwasar mutane a keken doki da amalanke zuwa asibitin Armagh, wanda bai taɓa ganin irin wannan taro ba.

Amma lissafi ba ya nuna nauyin abin yadda ya kamata. Haɗarin jirgi galibi baƙi yake haɗawa, mutane daga garuruwa dabam dabam, kowa a kai gawarsa garinsu, makoki ya rarrabu. Wannan kuwa gari ɗaya ya faɗa wa. Masu makoki su ne masu ta'aziyya, mai haƙa kabari yana da nasa mamacin. An rufe kantuna, aka yi kwanaki ana jana'iza a maƙabartun kowace ɗariƙa. Akwai gidajen da suka rasa mutum biyu ko uku a safiya ɗaya.

Bincike da shari'a

Hukumar Ciniki ta aiko Manjo Janar Hutchinson, ɗaya daga cikin hafsoshin nan masu bincike. Bai tsaya ga jin shaidu kaɗai ba, sai da ya sa aka haɗa jirgi mai nauyi daidai da na ranar, aka hau tudun da shi. Gwajin ya nuna cewa kan jirgin yana iya haye tudun da tarago 15 in an sarrafa shi da kyau, watau rashin sanin hanya na direba yana da hannu a tsayawar. Ya kuma nuna cewa birkin hannu guda, in an ɗaure shi sosai tun farko, yana iya riƙe tarago goma a tsaye, don haka Hutchinson ya ɗauka ko ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba, ko kuwa wani cikin fasinjojin da aka cusa a taragon gadi ya taɓa shi. Babban laifi ya ɗora shi a kan Elliott, saboda raba jirgin da ya yi. Ya zargi masu shirya jirgin da suka ba da direban da bai san hanya ba. Sa'an nan ya faɗi abin da shi da abokan aikinsa suka daɗe suna faɗa: da birkin mai kama kansa ne, da kwance bututun shi zai daskarar da taragan a inda suke.

Aka kama wasu ma'aikata, aka gurfanar da Elliott a Dublin bisa tuhumar kisa ba da niyya ba. A zaman farko mutanen da aka zaɓo daga jama'a don yanke hukunci suka kasa haɗa baki, a na biyu suka wanke shi, aka janye tuhumar sauran. Ba wani darekta da ya tsaya gaban alƙali, ko da yake kamfanin ya biya diyya mai yawa.

Za a iya cewa an yi wa mamatan rashin adalci da ba a hukunta kowa ba. Amma in aka duba da kyau, masu yanke hukuncin sun fi kusa da gaskiya. Elliott ya yi wauta, babu shakka. Sai dai akawu ne aka ɗora a kan aikin da ba nasa ba, ya yanke shawara cikin 'yan mintoci, yana tsoron a ce ya tare hanya. Waɗanda suka zaɓi birkin Smith kuwa sun yi shekara goma sha huɗu tun gwajin Newark suna da damar sake tunani, a zaune cikin ofis, da rahotannin Penistone da Hexthorpe a gabansu. Kuskuren minti biyar da kuskuren shekara goma sha huɗu ba su zama ɗaya ba, amma dokar lokacin na farkon kaɗai take iya gani.

Dokar 1889

Abin da rahotanni suka kasa yi cikin shekaru, gawawwakin yaran makarantar Lahadi suka yi shi cikin makonni. Jaridu suka ɗauka, jama'a suka fusata, wakilan kamfanoni a Majalisa suka rasa bakin magana. Shugaban Hukumar Ciniki, Sir Michael Hicks Beach, ya gabatar da shirin doka, kuma ran 30 ga watan Agusta na 1889 ta zama doka. Gwamnatin da ta yi wannan ta 'yan mazan jiya ce, masu ƙyamar tsoma hannu cikin kasuwa, abin da ke nuna irin ƙarfin fushin da aka yi.

Dokar gajeriya ce, domin ba a bukaci dogon nazari ba, an riga an yi shi tuntuni. Ta ba Hukumar Ciniki ikon umurtar kowane kamfani mai ɗaukar fasinja ya yi abubuwa ukun nan: ya raba hanyarsa kashi kashi, ya ƙulla sigina da makarkata, ya kuma sa birki mai bin jirgi duka, mai kama kansa, a jiragen fasinja. Ba ta zaɓa musu tsakanin birkin Westinghouse da mai zuƙar iska ba, ta ce dai ya cika sharuɗɗa. Yawancin kamfanonin Ingila suka ɗauki mai zuƙar iska da aka gyara ya zama mai kama kansa, kuma shi Turawa suka kai ƙasashen da suka mallaka, irin su Indiya da Afirka ta Kudu da Nijeriya. Cikin 'yan shekaru aikin da aka ce ba zai yiwu ba ya kusa kammala, ba kuwa kamfanin kirki da ya karye saboda shi. Amurka ma ta yi tata dokar a 1893.

Kada a ɗauka dokar ta rufe kowace ƙofa. Ba ta shafi jiragen kaya ba, waɗanda suka ci gaba da yawo a Birtaniya da birkin hannu har shekaru masu yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Game da sa'o'in aiki kuwa, ta koma tsohuwar dabara, ta ce kamfanoni su riƙa ba da rahoton waɗanda suka wuce ƙa'ida. A 1892, a kusa da Thirsk, wani mai sigina da 'yarsa ta rasu, bai runtsa ba, ya roƙi a ba shi hutu ba a sami mai canjinsa ba, barci ya sace shi a bakin aiki, ya manta da jirgin kaya da ke tsaye a kashinsa, mutum 10 suka mutu. A 1915 kuma, a Quintinshill ta Sikotilan, inda duk na'urorin da dokar ta nema suke a kafe, sakacin masu sigina biyu ya jawo haɗarin da ya kashe mutum fiye da 220, galibinsu sojoji. Na'ura ta rage wuraren da kuskuren mutum ɗaya zai iya zama kisa, ba ta share su duka ba. Duk da haka, tun daga 1889 ba a sake komawa ga ra'ayin cewa tsaron ran fasinja al'amari ne na kamfani da masu hannun jarinsa ba.

Akwai wani sashe na dokar da ba ruwansa da birki, wanda ya tanadi hukunci ga mai shiga jirgi da niyyar ƙin biyan kuɗi. Yawancin sassan da suka shafi tsaro an maye gurbinsu da sababbin dokoki, amma wannan sashe na masu satar shiga har yanzu ana kai mutane kotu da shi a Ingila.

Hanyar da haɗarin ya auku a kanta an rufe ta a 1933, kuma a 1957 jirgin ƙasa ya daina zuwa Armagh gaba ɗaya. Garin ya yi shekara 125 ba shi da wata alama ta jama'a duka da ke tuna mamatan. A watan Yuni na 2014 aka kafa ɗaya a filin shaƙatawa na tsakiyar gari: siffar wata yarinya ce, riƙe da ɗan bokiti da ɗan shebur na wasan yashi a bakin teku, sunayen waɗanda suka rasu kuma a rubuce kusa da ita.